Amsa: Shin kwazar tauraro ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kwazar wani ƙaton tauraro ne, kuma ta yaya baƙin rami, wato wurin nan a sararin samaniya da ƙarfin jansa ke haɗiye har haske, zai haskaka.

Ba tauraro ba ne, kama ce kawai. A madubin hangen nesa ɗigon haske yake fitowa, shi ya sa masana da kansu suka ruɗe da farko, har shekarar 1963 da masanin taurari Maarten Schmidt ya binciki hasken wani kwazar mai suna 3C 273 ya gane nisansa ya wuce na duk taurarin gungunmu, wato gungun taurarin da ranarmu take ciki. Haskensa ya yi tafiyar sama da shekara biliyan 2 kafin ya iso mana.

Kwazar cibiyar gungun taurari ce mai ƙaton baƙin rami, nauyinsa ninkin na rana miliyoyi ko biliyoyi. Ramin kansa ba ya haske, a nan mutane ke kuskure. Iskar gas da ƙurar da yake jawowa ne ke kewaya shi da mugun gudu, suna gugar juna har su yi zafi su haskaka kafin su faɗa ciki. Abin da ke ba ni mamaki kullum, wurin bai fi faɗin rana da duniyoyinta sosai ba, amma haskensa kan danne na gungun gaba ɗaya.

Kada ka ji tsoro kuma, babu wanda ke kusa da mu. Yawancinsu sun yi tashe kimanin shekara biliyan 10 da suka wuce. Gungunmu ma yana da nasa ramin, nauyin rana miliyan 4, sai dai ba ya samun abin ci da yawa, shi ya sa yake kwance lafiya.