Ta yaya zan gane hoton rikici na bogi a WhatsApp?

Malam, ka ce ana turo muku hotunan rikici a zauren WhatsApp na unguwa da sunan wai a Kudancin Kaduna ne, kuma ka rasa na gaske. Da yawa daga cikinsu ba haɗa su aka yi ba, tsofaffi ne ko na wata ƙasa, aka sauya musu labari.

Fara da Google Lens, manhajar Google ta yin bincike da hoto. Ɗora hoton, ka duba shafin da ya fara wallafa shi da kwanan wata. In ya girmi rikicin, magana ta ƙare. In bidiyo ne, tsayar da shi a wuri biyu ko uku, ka ɗauki hoton fuskar wayar, ka bincika kowanne. Inda ake kuskure shi ne, masu yaɗawa kan yanke gefen hoto ko su juya shi, sai binciken ya dawo ba komai, mutum ya ɗauka sabo ne. To a nan sai ka duba lambar mota, kakin 'yan sanda, rubutun allunan shaguna, da yaren da ake yi.

Kibiya biyu a saman saƙo na nufin ya bi hannu aƙalla biyar, wato da wuya mai turowa ya san tushensa. Tambarin BBC Hausa ma ba hujja ba ne, yaro ma zai iya manna shi. Buɗe shafinsu ka nemi labarin. Shafukan tantance labarai na Dubawa da Africa Check suna bin diddigin irin waɗannan, ka leƙa ko sun riga sun tantance shi.