Dawakin Exmoor: Idan Akwai Dubbai, Ina Haɗarin Yake?

Tambaya: Wani mai karatu daga Katsina ya rubuto: "Na ga hoton wasu gajerun dawaki a Ingila suna yawo kan tudu, ba linzami ba makiyayi, an ce irinsu na neman ƙarewa. Na daji ne? Kuma na ji an ce akwai dubbansu, to ina haɗarin yake?"

Amsa: Malam, bisa yadda ka kwatanta, ƙurun Exmoor ka gani. Exmoor sunan wani tudu ne mai sanyi da hazo a kudu maso yammacin Ingila, tsakanin Somerset da Devon. Ko namijinsu da wuya ya wuce santimita 130 a kafaɗa.

Ba na daji ba ne irin jakin dawa, kowanne da mai shi. Ci da sha dai su suke nema wa kansu, rani da damina. Sau ɗaya a shekara, wajen Oktoba, ake koro su gida, a duba duƙusan da aka haifa, a shigar da waɗanda suka cika sharaɗi cikin littafin ƙungiyar Exmoor Pony Society, wadda aka kafa a 1921, sannan a sake garken.

Duk wanda ya san doki, in ya tsaya kusa da ɗaya sai ya jinjina. Bakinsa fari-fari ne, kamar ya tsoma shi a kwaryar gari. Fatar idonsa mai kauri ce, tana kare ruwan sama. Da hunturu gashinsa hawa biyu yake yi: na ciki mai laushi yana riƙe ɗumi, na waje mai maiƙo ruwa na zamewa a kansa. Har ƙanƙara kan kwanta a gadon bayansa ba ta narke ba, don zafin jikin ba ya fita. In ciyawa ta yi wuya, ƙaya ma ci yake.

Masifar ta zo ne a Yaƙin Duniya na Biyu. An mai da tudun filin atisaye, sojoji suka harbe wasu, ɓarayi kuma suka yi ta sata suna kaiwa birane saboda ƙarancin nama. Da aka gama yaƙi a 1945, kusan 50 kacal suka rage, mazan da ke barbara ba su kai yatsun hannu ba. Wata mata mai suna Mary Etherington na cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka har manoma suka farfaɗo da garkunansu.

Amsar tambayarka ta biyu ke nan. Dubban da ake ƙirgawa yau duk jikokin wannan ɗan ƙaramin garke ne, jininsu ya yi kusa ƙwarai. Idan aka ci gaba da dogaro da maza ƙalilan, wasu zuriyoyin sai su ɓace shiru, aibin gado ya bazu, ƙarfin jure cuta ya ragu. Ga shi da yawa daga cikin dubban nan dandaƙaƙƙu ne, ko goɗiyoyin da ake hawa amma ba a sa su haihuwa. Shi ya sa ƙungiyar Rare Breeds Survival Trust, mai kare irin dabbobin kiwo da ke neman ƙarewa a Birtaniya, ta sa su cikin irin da ke bukatar kulawa ta musamman.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin aiki. Tun da injin noma da mota suka karɓe aikin doki, duƙushi namiji ba ya kuɗi, manomi kuwa ba zai yi ta kiwon asara ba. Don haka nake murna da sabon aikin da suka samu na kiwo a gandun da ake karewa, inda suke cinye busasshiyar ciyawa da ƙananan itatuwa, furanni da ƙwari su samu sarari. A 2015 an kai goɗiyoyi 14 Milovice a Jamhuriyar Czech don wannan aiki, kuma sun hayayyafa.

In kana son sanin halin da suke ciki, tambayi goɗiyoyi nawa suka haihu bana, kuma daga maza nawa daban-daban.