Amsar Baffa kan ƙwallon da aka ɗauke ba ta faɗa rami ba

Auwalu, na ga saƙonka, da fatan karatu na tafiya daidai. Ka ce kana kallon gasar golf ta Kofin Ryder, ka ga ɗan wasa ya sunkuya ya ɗauke ƙwallonsa daga bakin rami bai buga ta ciki ba, kuma ba wanda ya ce uffan. Kana tambaya ko maguɗi ne aka rufe ido a kai. Sai da na yi dariya, don ni ma haka na zata ina saurayi, lokacin da nake ɗaukar wa Turawa jakar sanduna a filin Rayfield na Jos.

Abokin karawarsa ne ya yafe masa bugun. A gasannin da ka saba gani kowa kansa yake yi wa, ana ƙirga duk bugunsa na kwana huɗu, dole ƙwallo ta shiga rami. Kofin Ryder kuwa mutum 12 ne na Amurka da 12 na Turai, kuma rami-rami ake ci. Tunda tsakaninka da abokin karawarka ne kaɗai, in ƙwallonsa ta matso sosai kana iya ce masa ya ɗauka. Magana kuwa zarar bunu ce: kai ba ka janyewa, shi ma ba shi da ikon ƙi.

A 1969 aka yi wanda har yau ake ba da labarinsa, a filin Royal Birkdale na Ingila. Lokacin Amurka da Birtaniya ne kawai ke karawa, sai 1979 aka shigo da sauran Turai. Tun da aka fara gasar a 1927, sau uku kacal Birtaniya ta taɓa ci. To sai ga shi an zo wasan ƙarshe, ramin ƙarshe, maki ya zo ɗaya. Jack Nicklaus na Amurka ya jefa tasa ciki. Saura Tony Jacklin na Birtaniya, wanda ya ci babbar gasar Birtaniya a shekarar, ƙwallonsa kamar taƙi biyu ko uku daga rami. Bugu ne da yaro ma zai iya, amma a gaban mutanen ƙasarka, hannu na rawa, taƙi biyu sai ya koma zango. In ya kuskure, da wannan za a riƙa tuna shi har ya mutu. Nicklaus ya duƙa ya ɗauke alamar da Jacklin ya ajiye a gurbin ƙwallonsa ya miƙa masa, ya ce ya san ba zai ɓarar ba, amma ba zai ba shi damar ɓararwa ba. Aka tashi 16 da 16. Kofi ya ci gaba da zama a hannun Amurka, don a al'adar gasar in an yi kunnen doki mai riƙe da shi ba ya saki. Kyaftin ɗinsu Sam Snead bai ji daɗi ba, shi nasara yake so. Ni dai ina bayan Nicklaus.

Kada fa ka ɗauka duk mai yafewa waliyyi ne. Akwai masu wayo da za su yi ta ce maka ɗauka tun daga ramin farko, hannunka bai saba da gajeren bugu ba, sai an zo rami na 17, dab da ƙarshe, ka waiwaya ka ga mutum ya kau da kai yana gyaran hula. Nan za ka ji gumi a tafin hannu. Wani dattijo da na yi wa ɗaukar jaka haka yake yi wa abokansa duk Asabar, bayan an tashi ya saya musu lemo.

A 2027 za a yi ta gaba a Adare Manor, ƙasar Ayilan. In Allah ya kai mu, ka daina bin ƙwallo da ido, fuskar wanda ke tsaye a gefe za ka riƙa kallo, ka ga yaushe yake yafewa, yaushe yake yin shiru.

Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata zumar ta iso.

Baffanka