Yawon jirgin ruwa a Musandam: ana iya zuwa daga Dubai a wuni guda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zuwa Dubai saro kaya, kuma wani abokin kasuwancina ya ba ni labarin wani wuri, wai Musandam, inda ake shiga jirgin ruwa na katako a zaga tsakanin duwatsu da tsibirai. Ana iya zuwa a dawo a wuni guda? Wanda bai iya iyo ba fa?
Daga wani ɗan kasuwa a Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin maganar ruwa, mu fara da ta fasfo. Musandam ba ta cikin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, yankin ƙasar Oman ne, sai dai ƙasar Daular ta raba shi da sauran Oman. Ka ga ke nan sai da bizar Oman. Idan kuma bizarka ta Dubai ta shiga sau ɗaya ce, kana tsallaka iyaka ta ƙare, alhali kayanka da tikitinka suna baya. Ka warware wannan da wanda ya yi maka biza tun kana gida.

Daga Dubai zuwa Khasab, babban garin yankin, tafiyar kimanin kilomita 200 ce a mota ta Ras al-Khaimah, wajen awa uku, ban da jira a kan iyaka. Wuni guda yana yiwuwa, amma gajiya za ka kwasa. Ni dai na fi son mutum ya kwana.

Wurin kuwa ya cancanci wahalar. Duwatsun Hajar ne suka zo suka faɗa teku a bakin mashigin Hormuz, tsirara, babu ko ciyawar kirki, mafi tsayinsu Jabal Harim ya haura mita 2,000. Ƙasar yankin tana nutsewa sannu a hankali, shi ya sa ruwan teku ya malalo ya cike kwaruruka, ya zama lunguna masu zurfi tsakanin duwatsu. Wanda jirage suka fi shiga shi ne Khor Sham, mai tsawon kusan kilomita 16. A gefensa akwai ƙauyukan masunta da babu hanyar mota zuwa gare su, hatta ruwan sha a jirgi ake kai musu. A ciki ne kuma wani ɗan tsibiri yake, inda Turawan Ingila suka kafa tashar tangaraho a 1864 don layin da ya haɗa su da Indiya. Ba su daɗe ba suka watsar da ita, yanzu sai kufai, kuma a nan jirage kan tsaya masu iyo su sauka. Sau da yawa dolfin, wasu dabbobin teku masu kama da manyan kifaye, kan biyo jirgi suna tsalle, amma kada wani ya ce ya ba ka tabbacin ganinsu.

Za ka ga ana tallar tafiya mai arha ta ɓangaren Dibba, wani gari a gabar gabashin yankin. Ta fi kusa, gaskiya ne, amma ba za ta kai ka Khor Sham ba.

Batun iyo kada ya dame ka. Jirgin na da faɗi, an shimfiɗa darduma da matasan kai, ana ba da shayi da abincin rana, ba a tilasta wa kowa shiga ruwa. Cikin lungu ruwan a kwance yake saboda duwatsu sun tare iska, sai a hanyar fita daga Khasab ne yakan ɗan girgiza, musamman in iskar arewa ta taso. Ka nemi rigar hana nutsewa tun kafin a tashi, in suka ce babu, ka sauka.

Ka nufi tsakanin Nuwamba da Maris. Daga Yuni zuwa Agusta zafi kan wuce digiri 40, ga gumi mai nauyi da ko ɗan Maiduguri bai saba da irinsa ba. Sannan tun da Iran tana tsallaken mashigin, ka saurari labarai kafin ka biya kuɗi, ka kuma tambayi kamfanin ko za su mayar maka da kuɗinka idan aka soke tafiya.