Mustang 1965 da ta daɗe a ajiye: kada ka yi saurin tayar da ita

Malam, ka tambaya ko za ka sa batir kawai ka murza makullin motarka Ford Mustang ta 1965. A'a, dakata tukuna.

Fara zubar da tsohon fetur, domin ya riga ya zama danƙo a tanki da kabureta. Cire fulogogi, ɗiga bakin mai kaɗan cikin kowace silinda, ka juya injin da hannu. In ya cije, kada ka tilasta.

Birki ne abin tsoro. Motocin Mustang na kafin 1967 tukunyar man birkinsu ɗaya ce, tiyo ɗaya ya fashe, birki duka ya tafi. Sauya ta da tukunya mai gida biyu.

Kuma notocin motar ma'aunin inci ne, sifanar milimita cinye musu kai take yi. Fenti ya jira.