Lambobin da suka rage maka, a ƙarshen wasa ake neman su

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun da safe na ga tambayarka, na bari sai na taso daga aiki in zauna in ba ka amsa a tsanake, don na daɗe a kan wannan hanyar. Ka ce kana buga darar ces a Chess.com, ka buɗe lambobin yabo masu sauƙi, amma uku sun tsaya maka a wuya: kashe wasa da motsin sarki, kashe wasa da kaslin (takun da sarki da hasumiya ke motsawa tare, wanda aka saba yi don ɓoye sarki), da kashe wasa da soja. Ka kuma ce wani abokinka ya ba ka shawarar ka buɗe inji a wata wayar ya riƙa faɗa maka abin da za ka taka.

Bari in fara da kuskuren da na yi, don ina jin shi kake yi. Na shafe watanni ina shiga kowane wasa da niyyar yau sai na samu lambar kaslin. Sai in ƙi ɓoye sarkina, in bar shi tsaye a e1 ana ta ruwan wuta a tsakiyar allo, kafin taku 25 an gama da ni. Makina ya zube, lambar kuma ba ta zo ba. Daga baya na gane cewa waɗannan lambobin ba a farautarsu daga farkon wasa. Sai ka riga ka ci wasan, abokin karawarka ya rage daga shi sai sarkinsa ko da soja ɗaya ko biyu, sannan ka rage gudu ka gina kisan da kake so da hannunka, kamar mai jera tubali.

Ta sarki ita ce mafi sauƙi a cikin ukun, duk da ita ce ke ba mutane tsoro. Sarki ba ya ba wa sarki cek, wato hari kai tsaye, da kansa, don haka abin da ake nufi shi ne ya kauce daga gaban wani ɗan wasanka, hanya ta buɗe, cek ɗin ya zama na ƙarshe. Ga yadda na samu tawa. Ina da farare, ina da hasumiya biyu, sarkin baƙi na kora shi jerin ƙarshe yana kai da kawowa tsakanin f8 da g8 da h8. Na ajiye hasumiya ɗaya a e7 ta tare masa jeri na bakwai. Na taho da sarkina a hankali har ya hau d8, inda yake gadin waccan hasumiyar. Sannan na kai hasumiya ta biyu a8. Ka lura, wannan ba cek ba ne, domin sarkina na tsaye a tsakani. Ya yi takunsa, ni kuma na sauko da sarki d7. Shi ke nan. Hasumiyar a8 ta buɗe a kansa, ta e7 ta hana shi saukowa, sarkina kuma yana kare ta. Ka jera wannan a allon nazari sau uku ko huɗu, hannunka zai haddace. Abu ɗaya da za ka kiyaye: kada hasumiyar da ke tare jeri na bakwai ta kasance a bayan inda sarkinka zai sauka. Idan tana b7 ka sauko d7, kai da kanka ka toshe mata hanya, sarkinsa ya sulale.

Wannan kisan yana da tarihi mai daɗi. A Landan a 1912, Edward Lasker ya ba da sarauniyarsa a wasansa da George Thomas, ya riƙa jan sarkin Thomas da cek bayan cek tun daga gidansa har ya kawo shi g1, cikin ɗakin farare. A taku na 18 Lasker na da zaɓi biyu, ko ya yi dogon kaslin ko ya taka sarki zuwa d2, kowanne kisa ne. Ya zaɓi d2. Ka nemi wasan ka bi shi taku bayan taku, ba zai ci maka minti biyar ba, kuma a ciki za ka ga lambobinka biyu a wuri guda.

Ta kaslin ce ke buƙatar haƙuri na gaske, a nan zan ɗan daɗe. Sharaɗin kaslin ka san shi: sarki bai taɓa motsawa ba, hasumiyar ba ta taɓa motsawa ba, babu kowa a tsakaninsu, sarki ba ya cikin cek, kuma ba zai ratsa ko ya sauka a gidan da ake hari ba. Ke nan sai wasan da ka yi rinjaye da wuri, tun kafin buƙatar ɓoye sarki ta taso. Irin wasan da abokin karawa ya yi sakaci ya ba ka sarauniyarsa a taku na takwas ko na tara. Idan haka ta faru, ka dubi allo: sarkinka na e1? Hasumiyar a1 ko ta h1 na nan ba ta motsa ba? To ranar ce. Daga nan ka yi musayar 'yan wasa iya iyawarka, musamman sarauniya da dawakai da duk abin da zai iya tilasta wa sarkinka motsi. Idan aka ba ka cek, ka tare da wani ɗan wasa ko ka cinye mai cek ɗin, kada ka taka sarki.

Hanyoyi biyu na sani. Ta farko ita ce ta Paul Morphy, wanda a New Orleans a 1850, yana yaro, ya kora sarkin mahaifinsa Alonzo har c1 sannan ya yi gajeren kaslin ya kashe wasan. Wato ka koro sarkinsa jerinka na farko, ka ajiye wata hasumiya a jeri na biyu, misali h2, ta hana shi komawa, sai ka yi kaslin hasumiyar ta sauka f1 ta harbe shi ta gefe. Tana da kyau a ido amma koro sarki tun daga can har nan aiki ne.

Ta biyu ita na bi, kuma ita nake ba kowa shawara. Ka mai da layin d ya zama lungu. Ka samu manyan 'yan wasa biyu, wato hasumiya ko sarauniya, ban da hasumiyar a1, ko da ta hanyar kai sojoji ƙarshen allo ne. Ka sa ɗaya a c2, ɗaya a e2, sarkinsa yana kan layin d. Yanzu ba shi da hagu ba shi da dama, sai sama da ƙasa. Ka tabbata babu sojanka ko nasa a layin d tsakaninsa da d1, kuma b1 da c1 da d1 babu kowa. Sai ka yi dogon kaslin. Hasumiya ta sauka d1, layin gaba ɗaya nata ne. Ko da ya matso har d3 yana neman cin ɗaya daga cikinsu, suna kare juna ta d2. Ranar da na samu, sai da na duba allon sau biyu kafin in taɓa sarki, yatsana na rawa, don na san kuskuren taɓawa ɗaya zai mai da shi d1 maimakon c1, haƙƙin kaslin ya tafi har abada a wannan wasan. A waya ka fi samun natsuwa idan ka taɓa sarki sannan ka taɓa gidan da zai je, maimakon ka ja shi da yatsa.

Ta soja ba sai na tsawaita ba. Ka kai sarkinka h6, sojanka g6, sarkinsa na g8. Ka ba shi cek da sarauniya daga e6. Idan ya shiga h8, ka tura soja g7, wasa ya ƙare. Idan ya fita ta f8, kada ka yi saurin kashewa da sarauniya, ka sake koro shi.

Abubuwa uku ne ke ɓata wannan aikin bayan ka sha wahala, kuma duk sun taɓa ɓata mini. Na farko canjaras ɗin da ke faruwa idan sarkinsa ba ya cikin cek amma babu inda zai taka. Mai sarauniya biyu ko uku a allo shi ya fi faɗawa wannan ramin. Maganinsa, idan sojanka ya kai ƙarshe ka karɓi hasumiya maimakon sarauniya, kuma in da hali ka bar masa soja ɗaya mai sauran taku. Ka shiga saiti ka kashe wurin da ke mai da soja sarauniya kai tsaye, in ba haka ba ba za a ma tambaye ka ba. Na biyu dokar taku 50: idan kowannenku ya yi taku 50 ba a ci ɗan wasa ba, ba a kuma motsa soja ba, kunnen doki ne. Ka ajiye soja ɗaya a baya, in ka ga lissafi ya yi nisa ka tura shi gida ɗaya, ƙirga ta koma farko. Maimaita tsari ɗaya sau uku shi ma kunnen doki ne. Na uku agogo. Kada ka gwada wannan a wasan minti ɗaya ko uku. Ka buga na minti 10 ko 15 mai ƙarin daƙiƙu a kowane taku.

Akwai kuma wanda ba ya hannunka: mutum ya ga ya sha kaye ya sallama. Wannan haƙƙinsa ne, kada ka tura masa saƙon roƙo ko na gori. Ni ma ba na son a ja wa mutum rai haka kawai, a tara sarauniya huɗu ana yawo da sarkinsa. Shi ya sa nake cewa ka haddace tsarin tukuna da kwamfuta. Ka ɗauki Martin, ɗan wasan kwamfuta na Chess.com wanda makinsa 250 ne, ba ya sallamawa kuma ba ya jin haushi, ka maimaita har ka iya gina kisan cikin taku goma zuwa sha biyar. Ni wurin atisaye na mai da kwamfuta, lambobin kuwa da mutane na same su. Ka taɓa kowace lamba ka karanta sharaɗinta da idonka kafin ka fara.

Yanzu maganar abokinka. Don Allah kada ka yi. Inji irin Stockfish ya fi ƙarfin kowane ɗan Adam, tun 1997 ma Deep Blue ya doke Garry Kasparov, kuma na yau sun yi wa wancan nisa. Idan ka buɗe shi kana wasa da mutum, ka cuci wanda ya zauna a wancan gefen da ƙwaƙwalwarsa kaɗai, ya ware lokacinsa da datarsa. Kuma doka ce a rubuce, ana rufe akawun saboda haka, lambobin da ka tara da guminka su tafi tare da shi. Haka nan haɗa baki da aboki a wasan maki ya bari ka ci shi. Ban da wannan ma, inji ba zai taimake ka ba a nan. Shi hanya mafi gajarta yake nema, zai ce ka kashe da sarauniya a taku biyu, ba zai jira ka kai sarki d8 ba. Inda yake da amfani shi ne bayan wasa, ka ba shi ya nuna maka inda ka yi sakaci.

Tunda ka kusa gama waɗannan, ga biyu da nake so ka sa a gaba ko da babu lamba a kansu. Ɗaya shi ne kisan doki shi kaɗai, inda 'yan wasan sarki da kansu suke toshe masa numfashi. Lucena ya rubuta shi tun 1497. Sarkinsa na g8, sojojinsa na g7 da h7, sojan f ya tafi, hasumiyarsa na can gefe a jerin ƙarshe, dokinka na g5. Sarauniya e6 cek, ya shiga h8. Doki f7 cek, ya dawo g8. Doki h6, cek biyu a lokaci guda, ya koma h8. Sai ka miƙa sarauniya a g8, dole hasumiyarsa ta ci, ta toshe masa ƙofa, doki ya dawo f7. Ranar da na fara yin wannan a wasa na gaske, na daɗe ina kallon allon ban shiga wani wasan ba.

Ɗayan kuma kisan bishof da doki, wanda babu dabara a cikinsa sai koyo. Sarkin ba ya mutuwa dole sai a kusurwar da launinta ya yi daidai da gidajen bishof ɗinka, kuma daga wuri mafi muni yana iya cin taku 33 ko da ba ka yi kuskure ba, ga dokar 50 na jiranka. Anna Ushenina tana riƙe da kambin duniya na mata ta kasa kammala shi a Geneva a 2013 a wasanta da Olga Girya, aka tashi kunnen doki. Idan bishof ɗinka na fararen gidaje ne, sarkin ya gudu h8, za ka koro shi zuwa a8, dokinka yana bin f7, e5, d7, c5, b7. Ni minti goma nake ba shi kullum bayan sallar isha'i, sai da na yi kusan wata guda kafin ya zauna mini.

Ka fara da ta sarki a daren nan, tunda hasumiya biyu kawai take buƙata. Idan ka jera tsarin ya ƙi fita, ka ɗauki hoton allon ka turo nan, zan duba in nuna maka gidan da ya zame.