Me ya sa yarinyar da ba a cutarta a kasuwa take faɗuwa lissafi a aji?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ni malama ce, ina riƙe da ajin CE2, wato aji huɗu na firamare, a nan Maraɗi. Akwai wata ɗalibata da ke yi wa mahaifiyarta tallan ƙuli-ƙuli da yamma. Na sha tsayawa in saya a wurinta, ban taɓa ganin ta yi kuskuren canji ba. Amma a aji, ko ragi mai sauƙi na ba ta sai ta ɓata shi. Wasu abokan aikina sun ce ba ta da kan lissafi ne kawai. Shin masana sun binciki irin wannan? Kuma me zan iya yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri da kika tsaya kika lura. Sun bincika ƙwarai, kuma abin da suka gano bai goyi bayan abokan aikinki ba.

Bari mu fara da tiren yarinyar. A ce ƙullin ƙuli dala biyar ne, wani ya ɗauki bakwai ya miƙa mata dala ɗari. Nan take za ta ce talatin da biyar. Wajen canji kuma ba ragi take yi ba, hawa take yi: biyar ta cika arba'in, goma ta cika hamsin, hamsin ta cika ɗari. Ta damƙa masa dala sittin da biyar, ta juya ga mai saye na gaba. Washegari ke kuma ki rubuta mata 500 − 175 a allo. Lissafin nan ɗaya ne da na jiya, tunda dala ɗaya faran biyar ce, amma ina kyautata zaton 475 za ta rubuta. Duba yadda aka yi: a kowane layi ta cire ƙaramar lamba daga babba, biyar ban da sifiri, bakwai ban da sifiri, biyar ban da ɗaya. Wannan kuskure sananne ne a wurin masu binciken koyar da lissafi tun shekarun 1970, kuma ba alamar daƙiƙanci ba ne. Yarinyar doka take bi, dokar da ta ƙago wa kanta domin ta cike gurbin da ba ta gane ba. Da a kasuwa ne wani ya ce ta ba shi canjin dala tis'in da biyar bayan ya ɗauki ƙulli bakwai, da ta ce masa ai ba a haka. A kan allo kuwa 475 ba ta da nauyi a hannunta, ba ta san tana yi wa kanta asara ba.

Ga kuma wani nauyi da yaranmu na Nijar ke ɗauke da shi wanda littafin lissafi bai san da zamansa ba. Mu da dala muke ƙirga kuɗi, lakwal kuma da faran. Idan yarinya ta ji ɗari, abin da ke zuwa mata a rai shi ne dala ɗari, wato faran 500. Ɗarin da ke cikin littafi kuwa dala ashirin ce a wurinta. Sai kuma ƙirgar Faransanci ta zo da nata: casa'in da bakwai a can sai an ce ashirin huɗu da goma da bakwai, alhali a Hausa goma-goma ake tafiya a miƙe. Kafin ƴar shekara tara ta taɓa ragin da kika ba ta, ta riga ta yi fassara biyu a kanta, ta harshe da ta kuɗi, kuma babu wanda ya ba ta maki a kansu.

Binciken da ya fi shahara a wannan fage an yi shi ne a birnin Resife na ƙasar Burazil, aka buga shi a 1985. Terezinha Nunes da David Carraher da Analúcia Schliemann sun je wurin yara masu sayar da kwakwa da makamantanta a titi, suka yi ciniki da su kamar kowane mai saye. Daga baya suka zaunar da yaran da takarda da alƙalami, suka ba su lissafin da suka riga suka yi a titi. A wurin ciniki yaran sun dace da kusan kashi 98 cikin ɗari. Da aka ba su lissafin cikin labari, sai abin ya sauka zuwa wajen kashi 74. Da aka ba su lambobi tsura, kashi 37 kawai. Wani yaro ya faɗi kuɗin kwakwa huɗu a kan 35 kowace ɗaya daidai, 140, ta hanyar tara na uku sannan ya ƙara na ɗaya. A takarda kuma, 35 sau 4 ya ba shi 200.

Yara biyar ne kawai a wancan binciken, kuma ya kamata a faɗi haka. Ƙarfinsa yana cikin zaman da aka yi da kowane yaro ana sauraron yadda yake tunani. Wanda ya zo da yawa shi ne na Indiya da aka buga a 2025, wanda Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, suke cikin masu yin sa. Sun gwada yara fiye da 1,400 masu aiki a kasuwannin Kolkata da Delhi, suka samu abin da aka samu a Burazil. Amma sun ƙara da gwada ƴan makaranta da ba su taɓa ciniki ba, sai ga shi waɗannan suna iya lissafin takarda, idan kuma aka kawo musu na kasuwa sai su rikice. Wannan ɓangaren ne nake so ki riƙe, don akwai masu jin labarin Burazil su ce to ai a bar yaro da kasuwarsa, ta ishe shi. Ba ta ishe shi ba. Dabarar tire tana aiki a kan farashin da aka saba da shi da lambobin da suka dace da kuɗin da ke hannu. Ranar da yarinyar nan za ta lissafa takin da kadada uku da rabi ke buƙata, ko ta karanta awon magani, sai da rubutaccen lissafi. Ilimin kasuwa da na aji ba sa haɗuwa da kansu, sai malami ya haɗa su da hannunsa.

Nan ne binciken lissafi ya shiga gonar ilimin zamantakewa. Tun 1967 John Gay da Michael Cole suka nuna cewa manoman Kpelle na Laberiya, waɗanda ake cewa ƴaƴansu ba sa gane lissafi, sun fi Amurkawa masu ilimin boko iya ƙiyasta yawan gwangwanin shinkafar da ke cikin kwano. Duk wanda ya ga mai awo a babbar kasuwar Maraɗi ya kalli tarin hatsi ya faɗi tiya nawa ne, ba zai yi mamaki ba. Daga irin wannan ne masanin lissafi ɗan Burazil Ubiratan D'Ambrosio ya yaɗa fagen nazarin lissafin al'ummomi a shekarun 1980. Tambayoyin fagen su ne: wa ke tambayar yaron, da wane harshe, me zai same shi idan ya kuskure? A kasuwa yarinyarki ita ce mai kaya, ita ake jira. A aji tana tsaye gaban allo, ƴan ajinsu na kallonta, wataƙila tana tuna bulalar bara. Ni dai ban yarda a yanke wa yaro hukuncin rashin kai ba alhali a wuri ɗaya kaɗai aka gwada shi.

Kuma maganar cewa lissafi baƙo ne a wurinmu tana ɓata mini rai. Muhammad ibn Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci kan yadda ake gina murabba'in lambobi, irin wanda kowane layi da kowace kusurwa ke ba da jimla ɗaya. Mu a Maraɗi ba sai an gaya mana dangantakarmu da Katsina ba. Malaman da ke rabon gado a zaure, da sudusi da sumuni, lissafin ɓangarori suke yi, wanda ke wahalar da ƴan CM2, ajin ƙarshe na firamare.

Batun harshe ma ba yau aka fara gwada shi ba. A Ile-Ife ta Najeriya, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, har da lissafi, kuma ba su kasa takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba. Mu ma a nan an buɗe makarantun gwaji da harsunan gida tun 1973, aka fara da Hausa a Damagaram. Yanzu da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, abin da ya rage shi ne littattafai da horar da malamai, kuma wannan aiki ne mai tsawo da ba za ki zauna jiransa ba.

Abin da za ki iya yi a makon nan bincike ne na gaske, ko da ba ki kira shi haka ba. Ki zaɓi yara shida, maza da mata, masu talla da marasa yi. Ki shirya lissafi biyar, ki ba kowane yaro shi kaɗai, sau uku a ranaku daban: da baki cikin Hausa da dala, sannan cikin labari da faran, sannan lambobi tsura a allo. Kada ki gyara masa, kada fuskarki ta nuna ya yi daidai ko bai yi ba. Tambaya ɗaya za ki riƙa yi, "yaya ka yi ka samu wannan?", ki rubuta amsar a kayenki da kalmominsa. Wannan zai yi miki wuya fiye da yadda kike zato, domin bakin malami ya saba da gyara. Ki sanar da darektanku da iyayen yaran, kuma idan za ki nuna wa wani sakamakon, ko a taron malamai ko a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ki cire sunayensu.

Sannan ki kawo tiren cikin aji. Ki sa yarinyar ta yi canjin dala ɗari da baki a gaban kowa, ke kuma kina rubuta hawan da take yi a kan layi: 35, 40, 50, 100. A ƙarƙashinsa ki rubuta na faran: 175, 200, 250, 500. Ki bar ta ta tara tsallen da kanta, 25 da 50 da 250, ta ga 325 ta fito. Sai a lokacin ki ɗauko 475 ɗin da ta rubuta, ki tambaye ta dala nawa ke nan, kuma ko za ta yarda ta ba mai saye wannan canjin. Ragi mai aro zai zo daga baya, da tsinkayen ashana a ɗaure goma-goma, ta kwance ɗauri ɗaya da hannunta ta ga inda aron yake fitowa.

Idan kin gama da yaran shida, ki aiko mini da abin da suka ce, musamman amsoshin da ba daidai ba. Ina so in ga ko waɗanda ba sa talla ma da dala suke tunani.